Cijewar bindigar shotgan mai ɗura kanta

Shotgan mai ɗura kanta bindiga ce mai sulɓin bututu wadda ke harba harsashi ɗaya duk lokacin da aka ja kunama, sannan ta fitar da kwanson da aka harba ta shigar da sabon harsashi ba tare da mai harbin ya sa hannu ba. Ana amfani da ita wajen farautar tsuntsaye, da wasannin harbi, da aikin soja da na 'yan sanda. Idan ɗaya daga cikin waɗannan matakai ya gaza, sai a ce bindigar ta cije.

Ƙarfin da bindigar ke aiki da shi daga harsashin da aka harba yake fitowa. Dole ya isa ya tura sakata, wato ƙarfen da ke rufe bayan bututu, har ƙarshen hanyarta, ya kuma matse sifirin da zai dawo da ita. Yawancin cijewa na faruwa ne idan ƙarfin ya yi kaɗan, ko kuma datti da tsatsa da lalatattun sassa suka cinye shi a hanya.

Tsare-tsaren aiki

Akwai manyan tsare-tsare uku, kuma kowanne da inda rauninsa yake.

Na farko shi ne mai dogon ja da baya. John Browning na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a bindigar Auto-5, wadda ya yi wa rajista a 1900, kamfanin FN na Beljiyam ya fara ƙera ta, aka kuma ci gaba da yin ta har 1998. Bututu da sakata suna komawa baya tare, daga nan bututun ya dawo gaba shi kaɗai, kwanso ya fita. Akwai zobban birki na tagulla da na ƙarfe da ke rage gudun bututun, kuma jerinsu na harsashi mai ƙarfi daban yake da na mara ƙarfi.

Na biyu shi ne mai aiki da iskar gas. Ana huda ƙananan ramuka a bututu, wani ɓangare na iskar da albarushi ya haifar ya bi ta nan ya tura fistin, shi kuma ya tura sakata. Remington 1100 da ta fito a 1963 ce ta yaɗa wannan tsari. Bugun da yake yi wa kafaɗa ba shi da tsanani, amma yana tara baƙin toka a fistin da ramukan.

Na uku ya dogara ne da nauyin sakata. Idan bindiga ta yi baya, jikin sakatar yakan tsaya a inda yake na ɗan lokaci, sai ya matse wani gajeren sifiri mai tauri, wanda daga baya ke wurga sakatar baya. Kamfanin Benelli na Italiya, wanda aka kafa a Urbino a 1967, ya shahara da shi bisa ƙirar Bruno Civolani. Ba ya tara toka sosai, amma sai bindigar ta motsa baya da sauri kafin ya yi aiki.

Ire-iren cijewa

Kwanso kan maƙale a ƙofar fita, alamar cewa sakata ba ta je baya da isasshen gudu ba. Wani lokaci kwanso ya fita amma sabon harsashi bai shiga ba, wanda galibi laifin sifirin ma'ajiyar harsashi ne ko datti a cikinta. Kwanso kan kuma kafe a mazauninsa idan wurin ya yi tsatsa ko ƙugiyar da ke jawo shi ta cinye. A bindigogin tsari na uku, idan aka saki sakata a hankali ko wani abu ya taɓa hannunta, kanta ba ya gama juyawa ya kulle, sai a ja kunama a ji ƙas ba tare da harbi ba.

Harsashi

Harsashi ne abin da ake fara dubawa. Na shotgan mai lamba 12 yana zuwa da tsawon milimita 70, 76 ko 89, kuma nauyin ƙwayoyin da ke ciki ya bambanta, misali giram 24, 28 ko 32. Bindigar da aka tsara don manyan harsasai takan gaza da masu giram 24. Shi ya sa kamfanoni da dama ke rubuta mafi ƙarancin nauyin da bindigarsu ke buƙata, wasu kuma suna ba da shawarar a fara da harsasai masu ƙarfi har sassan sabuwar bindiga su saba da juna. Harsashin da ya kumbura ko gindinsa ya yi tsatsa ba ya shiga daidai. Harba harsashin da ya fi mazauninsa tsawo yana ƙara matsin iska har ya iya fasa bindiga.

Tsafta da mai

Kafin kowane aiki ana cire harsasai, a duba mazauni da ma'ajiya da ido. A tsarin gas ana kankare tokar fistin, a buɗe ramukan bututu. Remington 1100 tana da zoben roba da ke hana iska zurarewa; idan ya tsage bindigar takan daina ɗura kanta, duk da arhar zoben. A bindigogi da yawa sifirin da ke dawo da sakata yana cikin wani bututu a gindin bindiga, inda ruwa ke shiga ya yi tsatsa ba a gani ba, musamman ga masu farautar agwagi. Mai kaɗan ake sawa a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Idan ya yi yawa yakan kama ƙura, a tsananin sanyi kuma ya yi kauri.

Riƙo da nauyi

Auto-5 da ire-irenta suna buƙatar a dafe su sosai a kafaɗa, don bututun ya samu abin da zai tokara. A tsari na uku kuwa, ɗora fitila ko ƙarin harsasai a jikin bindiga yana ƙara mata nauyi, ya rage gudunta na baya, har ta fara cijewa. Benelli M4, wadda sojojin Amurka suka zaɓa a 1999 da sunan M1014, tana amfani da gas da gajerun fistin biyu, don haka ƙarin kaya ba ya shafar aikinta.

Sauya sassa

Sifiri da ƙugiya da zobba suna gajiya, kuma sauya su da na asali yakan magance matsalar da tsafta ta kasa. Faɗaɗa ramukan gas ko sa sifiri mai laushi yana sa ƙananan harsasai su yi aiki, amma da manya sakata za ta riƙa dukan jikin bindiga har ya tsage, kuma ramin da aka faɗaɗa ba ya komawa. Haka ma jera zobban Auto-5 na harsashi mara ƙarfi sannan a harba mai ƙarfi. Irin wannan aiki na ƙwararren maƙerin bindiga ne.

Sabbin ƙira suna daidaita iskar da kansu. Remington Versa Max ta 2010 tana da ramuka bakwai a mazaunin harsashi; dogon harsashi yakan rufe wasu daga cikinsu, don haka iskar da ke isa fistin ba ta wuce kima.