Ido jagoran ƙafa: waiwaye kan tarihin ciwon Parkinson

A shekara ta 1817 wani likita na birnin Landan, James Parkinson, ya wallafa ɗan littafi game da wani ciwo mai sa makyarkyata. Mutum shida kacal ya bayyana, uku daga cikinsu ma a kan titi ya gan su. Ya lura jikinsu na ranƙwafawa gaba, taku na gajarcewa, tafiya ta koma sassarfa, har mutum ya kife. Bayan shekara hamsin da ɗoriya, Jean-Martin Charcot na asibitin Salpêtrière a Faransa ya raɗa wa ciwon sunan Parkinson.

Magani ya daɗe bai zo ba. Sai a 1960 aka gano a Vienna cewa sinadarin dopamine ne yake ƙaranci a ƙwaƙwalwar majinyatan, kuma a 1967 George Cotzias ya nuna amfanin levodopa. Maganin na sassauta sandarewar gaɓoɓi, amma faɗuwa, wadda ke karya ƙugun tsoho ta kwantar da shi, ba ta cika jin maganin ba.

A wannan shekara ta 1967 ne James Purdon Martin ya bayyana abin da, a ganina, ya fi ban mamaki. Majinyacin da ƙafarsa ta kafe a ƙasa, in an ja masa layuka a gicciye a daɓe, sai ya riƙa tsallake su ɗaya bayan ɗaya. Tafiyar da jiki ya saba yi ba da tunani ba ta ɓaci, ido ya karɓi jagoranci.

Sai dai idon ma ciwon bai bar shi ba. Mu malaman makaranta mun san tun daga Émile Javal, wajen 1878, cewa ido tsalle-tsalle yake a kan layin rubutu, ba sulalewa ba. Ga mai Parkinson wannan tsallen kan gaza kai wa inda aka nufa.

Motsa idon da ake koyarwa yau tushensa na wani wuri ne: a shekarun 1940 Cawthorne da Cooksey suka tsara shi a Ingila domin masu jiri saboda raunin kai ko na cikin kunne. A dubi sama da ƙasa, dama da hagu, a bi yatsa yana matsowa yana nisa, sannan a haɗa da juya kai. Masu gyaran gaɓoɓi sun ara wa masu Parkinson shi a matsayin ƙari bisa magani. Ana farawa a zaune, kafin a yi a tsaye, da wani a kusa.