TARIHI: Su wa suka tallabi lakwal ɗin gwamnati a ƙasar Maraɗi? Daga Samariya zuwa Mata Masu Dubara



Duk shekara in watan Oktoba ya kama, hankalin magidanci rabuwa yake yi biyu. Ga gero ana ɗaure dami, ga roron wake, ga kuma mushe ya aiko a kawo kaye da bik da alli. A daidai lokacin nan ne kuma za ka ji an ce wata ƙungiya ta iso da mota, ta raba wa ƴan lakwal jakunkuna, an ɗauki hoto, an tafi. Wasu su ce madalla. Wasu su ce ai bara ma haka anka yi, ina ya kai mu?

Tambayar tana kan hanya. Shi ya sa yau za mu koma baya, mu duba waɗanda suka taɓa sa hannu a lakwal ɗin gwamnati a ƙasar nan, mu ga wane taimako ne ya zauna, wane ne kuma ya bi iska.

LOKACIN DA AKE ƁOYE YARA

Tsofaffinmu sun san lokacin da lakwal abin gudu ce. Zamanin Faransa, in an ce kowane gari ya ba da yara, sai ka ga an ɓoye ɗa cikin rumbu, ko a tura shi ƙauye wajen dangi. Sarakai da masu hali da yawa ƴaƴan barorinsu suka riƙa turawa, suna barin nasu a makarantar allo. Da aka samu mulkin kai a 1960, yaran Nijar da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba. Wato ƙasa ta karɓi ragamarta, amma masu karatun da za su riƙe ofis da likita da aji ƴan kaɗan ne ƙwarai.

Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ya farfaɗo da Samariya. Duk wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna aikin gayya: samari na buga tubali, mata na jido ruwa, makaɗa na zuga su. Azuzuwa da dama na ƙasa haka aka gina su. Gwamnati kuma, da yake kuɗin uranium na shigowa a ƙarshen shekarun 1970, ita ke kawo malami da littafi, ta ba ɗaliban kwaleji ɗan kuɗin tallafi. Ba a rasa tilas cikin aikin Samariya ba, wannan gaskiya ne. Amma ya bar mana darasi guda: gari na iya gina ajinsa da hannunsa.

DA RUMBUN GWAMNATI YA YI ƘASA

Daɗin bai daɗe ba. Farkon shekarun 1980 farashin uranium ya faɗi. A 1984 fari ya zo, Najeriya kuma ta rufe iyaka, yunwar da mutanen nan suka sa wa suna El Buhari. Bankin Duniya da IMF suka ce sai an tsuke bakin aljihu. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbi ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai. Shekarun da suka biyo baya malamai suka yi ta bin bashin albashi na watanni, yajin aiki ya yi yawa, har akwai shekarun da aka soke karatu ɗungurungum. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kaye da littafin da ake kawowa daga waje suka yi tsada.

A 1998 aka kafa dokar ilimi da ake kira LOSEN, wadda ta ce nauyin lakwal na kan gwamnati da ƙananan hukumomi da iyaye da sauran masu taimako. Daga wannan lokacin ne kuma aka shiga ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda suka koma ƴan kwantaragi. Azuzuwa sun ƙaru, yara sun cika su, amma yawancin masu riƙe da alli suka zama matasan da kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa ba ya zuwa kan lokaci. Ta wannan ƙofa ce ƙungiyoyi masu zaman kansu da gidauniyoyi suka shigo harkar lakwal da ƙarfi.

AKWATI MAI KWAƊO UKU

Abin mamaki, taimakon da ya fi yin nisa cikin duk waɗanda aka fara a ƙasar Maraɗi bai zo da buhu ko jaka ba. Ƙungiyar CARE, wadda ta shigo Nijar a 1974 lokacin babban fari, ita ce ta fara wani tsari a 1991 a ƙauyukan jihar nan, tare da wata ma'aikaciyarta ƴar ƙasar Norway mai suna Moira Eknes. Sunan tsarin da Hausa aka raɗa shi: Mata Masu Dubara.

Tushensa adashin da iyayenmu mata suka sani ne, aka yi masa gyara. Mata kamar ashirin zuwa talatin ke haɗuwa duk mako, kowace ta zuba abin da aka yi alkawari. Kuɗin na cikin akwati mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku dabam-dabam, ba a buɗe shi sai gaban kowa. Mai bukata ta ranta, ta juya, ta maido. In shekara ta kewayo a fasa asusu a raba. CARE ba ta zuba ko dala a akwatin. Nata horo ne kawai, sannan ta ja gefe.

Bari mu yi lissafi, don misali. Mata 25, kowace na zuba dala hamsin, wato sefa 250 duk mako. Mako guda an tara sefa 6,250. Cikin mako 40 akwati ya ga jaka 250. Matar da ke sayar da dafaffen zogale ko ƙuli-ƙuli, in ta san tana da inda za ta ranci jaka biyar ranar komawa lakwal, ba sai ta sayar da akuyarta da araha ba, ba sai ta ce ɗiyarta ta zauna gida bana ba. Ga inda asusun mata ya haɗu da allon aji.

Wannan dubara da aka haifa a ƙasarmu yau ta bazu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane na aiki da ita. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, cikin matan da suka zama kansiloli har da waɗanda suka koyi magana gaban jama'a a zaman asusu. Mu da muke kusa da gindin bishiyar, bai kamata a ce na nesa sun fi mu shan inuwarta ba.

KOJES: LAKWAL TA KOMA TA GARI

Mataki na biyu shi ne kwamitin kula da lakwal, wanda kowa ya fi sani da Kojes. A 2004 hukumar JICA ta ƙasar Japan ta fara wani shiri tare da ma'aikatar ilimi a jihar Tawa, mai suna Lakwal Don Kowa, daga baya aka baza shi ko'ina cikin ƙasa. Sirrinsa abu uku ne. Na ɗaya, a zaɓi wakilan iyaye ta ƙuri'ar sirri, kada a ce don wane ɗan maigari ne shi ke nan ya zama shugaba. Na biyu, a tara gari a zauna, a lissafa abin da lakwal ke bukata, a tsara aikin shekara da abin da ke hannu. Na uku, kwamitocin ƙaramar hukuma guda su haɗa kai, su riƙa bin sawun juna.

Inda aka bi wannan tsari da gaskiya, iyaye sun gina azuzuwa, sun gyara tebura, sun nemi ɗaki sun sauki baƙon malami, sun shirya karatun dare don masu jarrabawa. Ƙungiyar iyaye mata kuma ta riƙa bi gida-gida tana tambayar dalilin da ya sa wance ba ta zo aji ba. Inda kuwa aka mai da Kojes wurin karɓar kuɗi kawai, ba taro, ba bayanin inda kuɗi suka shiga, iyaye sun janye jiki. Kowa ya san irin waɗannan a kusa da shi, ba sai mun kama suna ba.

Mutanen Jiratawa ba baƙin wannan aiki ba ne. Tun farkon shekarun 1980 da aka gyara filin noman rani na garin, manoma ke tafiyar da shi ta ƙungiyoyinsu ƙarƙashin kulawar ONAHA. Sun san mene ne biyan kuɗin ruwa, sun san abin da ke faruwa in famfo ya lalace asusu kuma babu komai. Lakwal ma haka take.

GADA DON WAƊANDA AKA BARI BAYA

Akwai kuma yaran da shekarun shiga aji suka wuce su, ko waɗanda suka fara suka bari. Wata gidauniya ta ƙasar Norway mai suna Strømme ta ɓullo da wani tsari a Mali a 2004, wanda daga baya ya shigo Burkina Faso da Nijar. Ana tara yara ƴan shekara 8 zuwa 12, a koyar da su wata tara. Wata biyu na farko da harshen gida ake karatu, sannan a shiga Faransanci. In sun gama a gwada su, a sa kowane a ajin da ya dace da shi a lakwal ɗin gwamnati. Abin lura a nan, gidauniyar ba ta buɗe tata makaranta ta yi gasa da ta gwamnati ba. Gada ta gina, yaro ya haye ya koma cikin ƴan uwansa.

Haka nan abincin lakwal da hukumar PAM ke tallafawa a wasu ƙauyuka. Wanda ya ga yunwar 2005 a jihar nan ya san yaro mai jin yunwa ba ya jin mushe. Kwano guda na rana ya riƙe yara da yawa a aji, musamman ƴan mata da talla ke ja.

Ta wajen malamai fa? Nan ne taimakon ya fi rauni. Ƙungiyoyi na shirya horo na ƴan kwanaki, su kawo littafin jagora da kayan aiki, kuma hakan na da amfani. Amma babu gidauniyar da za ta ɗauke wa gwamnati biyan malami. A 2017 da aka yi wa ƴan kwantaragi jarrabawar gwaji, da yawa ba su kai matsakaicin maki ba, aka yi ta zarginsu. Sai dai kafin a zargi ɗan kwantaragi, a tambayi wa ya horar da shi, wata nawa, kuma nawa ake ba shi.

RANAR DA BA MU MANTAWA

Ranar Litinin 8 ga Nuwamba 2021, wuta ta kama azuzuwan zana a wata lakwal cikin birnin Maraɗi. Yara ƙanana aƙalla 25 suka rasu. Wata bakwai kafin nan, ranar 13 ga Afrilu, irin wannan gobara ta ci yara 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. An yi zaman makoki na kwana uku a jihar, gwamnati ta hana sa ƴan rainon yara cikin ajin zana. Allah ya jiƙan su, ya ba iyayensu haƙuri.

Wannan rana ta nuna mana iyakar taimakon jaka da bik. Bayan shekaru da dama ana furoje iri-iri, har yanzu dubban azuzuwa a ƙasar nan na kara da zana ne. In damina ta faɗi da wuri karatu ya tsaya, in hunturu ya zo iska na kaɗa wuta.

TO YANZU FA?

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙasashen Turai da dama sun dakatar da tallafinsu. A farkon 2025 Amurka ta tsayar da yawancin taimakon da take bayarwa a duniya. Ko mene ne ra'ayin mutum kan siyasa, darasin a fili yake: kuɗin waje baƙo ne, yau yana nan gobe ya yi sallama. Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, kuma wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci da yunwa zai kwana.

In mun duba tarihin nan, taimakon da ya zauna shi ne wanda ya bar wa mutane abin riƙewa bayan mota ta tafi: akwatin asusu, kwamitin da aka zaɓa, yaron da ya koma aji. Don haka in wata gidauniya ta zo garinku, ku tarbe ta hannu biyu, ku ba ta ruwa, sannan ku tambaye ta cikin mutunci: shekara nawa za ku yi da mu? Wa zai riƙe aikin in kun tafi? Kun zauna da direkta da Kojes da iyaye mata kafin ku yanke abin da za ku kawo?

Mu ma akwai namu. Maraɗi garin Alhazai ne, Allah ya sa wa kasuwarta albarka, an gina masallatai an haƙa rijiyoyi, Allah ya saka. Ajin siminti guda da zai fitar da yara daga cikin zana shi ma sadaka ce mai gudana. Tsofaffin ƴan lakwal ɗin Jiratawa da Tibiri da ke aiki Yamai ko waje, in kowane rukuni ya ɗauki lakwal ɗin da ta yaye shi, ya buɗe asusu mai kwaɗo uku irin na iyayenmu mata, ba ƙaramin abu za a yi ba cikin shekara biyar.

Ku da kuka yi aikin Samariya, da ku iyayenmu na asusu, da malaman da suka koyar cikin zana, ku faɗa mana abin da kuka gani da idonku, don yara su sani. In an kira taron Kojes na bana kuma, a daure a je.

Allah ya yi wa ɗiyanmu albarka, ya ba malamansu ladan wahalarsu. Amin.