Wasan Kwaikwayo Don Ci Gaban Al'umma: Yadda Jami'ar Ahmadu Bello Ta Kai Aji Ƙauye

Wasan kwaikwayo don ci gaban al'umma hanya ce ta koyarwa da hidima, inda ɗalibai ke fita daga harabar jami'a su zauna da mutanen ƙauye ko unguwa, su saurari matsalolinsu, sannan a mayar da su wasa a dandali domin jama'a su tattauna mafita. A Najeriya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, ita ce ta yi fice a wannan fage.

Asali

An fara koyar da fannin wasan kwaikwayo a jami'ar a 1975 a ƙarƙashin Michael Etherton, wanda ya zo da gogewar da ya samu a gidan wasa na Chikwakwa a Jami'ar Zambiya. Ya yi aiki tare da Brian Crow, kuma daga cikin waɗanda suka raya aikin daga baya akwai Salihu Bappa da Oga Steve Abah. Tunanin Paulo Freire da Augusto Boal, 'yan ƙasar Barazil, ya yi tasiri a kansu, musamman ra'ayin cewa talaka ya fi kowa sanin inda ke yi masa ciwo.

Ɗalibai sun soma da Samaru, garin da ke daura da ƙofar jami'ar. A 1977 aka yi Wasan Manoma a yankin Soba, a daidai lokacin da gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ke yayata shirin ciyar da ƙasa da ta ƙaddamar a 1976. Wasan ya duba abin da ke tsakanin alkawuran hukuma da halin da ƙaramin manomi ke ciki. A 1979 aka kai aikin Maska, kusa da Funtuwa, daga baya kuma Bomo.

Yadda ake gudanar da shi

Da farko ana neman izinin dagaci ko mai unguwa. Daga nan ɗalibai su bazu kasuwa da bakin rijiya da majalisu suna sauraro. Sai a zauna a tace abin da aka ji, a ware matsala ɗaya ko biyu, kamar takin zamani ko ruwan sha ko rikicin gona, a gina labari a kai ba tare da rubutaccen wasa ba. Ana yin wasan da Hausa a fili, kuma akan dakata a tsakiya a tambayi 'yan kallo abin da ya kamata a yi. Tattaunawar da ke biyo baya ita ce zuciyar aikin.

Suka da gyara

Babbar sukar da aka yi wa tsarin, har daga bakin masu shi, ita ce ɗalibi baƙo ne: ya samu makinsa ya tafi, rijiya kuwa tana nan a ƙafe. Wannan ya sa aka koma sanya mutanen gari cikin ƙirƙirar wasan, maimakon a yi musu suna kallo. A 1989 aka kafa ƙawancen masu wasan kwaikwayon jama'a na Najeriya, wato NPTA, domin aikin ya ɗore a wajen jadawalin karatu.

Irin wannan aiki yakan taɓa masu iko. A Kenya, hukumomi sun tsare marubuci Ngugi wa Thiong'o a Disambar 1977 bayan wasan da ya shirya da mutanen ƙauyen Kamirithu.

Halin da ake ciki

Tsarin ya dogara ne da abu ɗaya: baƙo ya iya zama a ƙauye lafiya, jama'a kuma su taru su yi magana ba fargaba. Wannan sharaɗi ne hare-haren 'yan bindiga suka raunana a yammacin jihar Kaduna, daga Giwa zuwa garuruwan gabashin Birnin Gwari irin su Kuyello, inda manoma da dama suka bar gonakinsu. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan sulhu da 'yan bindiga. Ko ɗalibai za su iya kai irin wannan dandali yankin, ya danganta ne da ɗorewar zaman lafiyar.