Faransa: Hanyoyin da iyalan sojoji ke bi su kai kukansu

A Faransa doka ta hana soja shiga yajin aiki, ta kuma hana shi shiga ƙungiyar ƙwadago. Idan albashi ya makara, ko gidan da aka ba shi yana yoyo, ko an sauya masa wurin aiki ana tsakiyar shekarar karatun yara, dole ne ya bi ta ƙofofin da doka ta tanada. Matarsa kuwa farar hula ce, tana da ikon faɗin abin da ke damunta a bainar jama'a, sai dai yawancin waɗannan ƙofofi ba don ita aka buɗe su ba. Haka abin yake ga mijin da matarsa ce ke aikin soja.

Rundunar da ake kira "babbar bebiya"

Faransawa na yi wa rundunarsu laƙabi da "la Grande Muette", wato babbar bebiya. Sunan ya samo asali ne daga lokacin da aka hana sojoji jefa ƙuri'a, tun daga 1872. Ba su sake samun wannan dama ba sai a watan Agustan 1945, fiye da shekara guda bayan an ba matan ƙasar. Har yanzu ana buƙatar soja ya kama bakinsa a kan harkokin aiki da na siyasa. A madadin haka, kundin dokokin tsaro ya ɗora wa kowane shugaba, daga ƙarami har babba, nauyin kula da bukatun na ƙasa da shi da kuma kai rahoton duk wata matsala da ta shafi jama'a zuwa sama.

Matakin farko: cikin bariki

Galibin matsaloli a nan suke farawa, a nan kuma ya kamata su ƙare. A kowace runduna akwai wakilan da sojoji ke zaɓa bisa ga muƙami, na hafsoshi daban, na ƙananan hafsoshi daban, na kurata daban, kuma suna iya ganin kwamanda kai tsaye. Akwai kuma jami'an kula da jin daɗin jama'a na ma'aikatar tsaro. Wannan ita ce ƙofar da ta fi kusa da iyali, domin mata na iya zuwa da kanta ba sai mijinta ya raka ta ba, kuma aikin ya wajabta wa jami'an riƙe sirri. Batun bashi, wurin renon yara, rashin lafiya, ko halin da gida ya shiga bayan an tura mai gida fagen daga, duk wurinsu ake kai wa. Wadda ta rasa aikinta saboda an sauya wa mijinta gari na iya neman taimakon hukumar Défense mobilité, mai samar wa tsofaffin sojoji da abokan zaman sojoji aikin yi.

Ƙofofin da sai soja ne ke shiga

Babbar majalisar tuntuɓa ta sojoji, wadda ake kira CSFM a taƙaice, an kafa ta ne a 1969, kuma ministan tsaro ke shugabantarta. Tana ba da shawara a kan dokokin da suka shafi albashi, fansho da yanayin rayuwa. Shawara ce kawai, gwamnati na iya ɗauka ko ta bari.

Sauyi mafi girma daga waje ya zo. A ranar 2 ga Oktoban 2014, Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke hukunci a ƙarar da wani hafsan jandarma, Jean-Hugues Matelly, ya shigar, inda ta ce haramta wa sojoji kafa ƙungiya kwata-kwata ya saɓa wa yarjejeniyar Turai. Wata doka ta watan Yulin 2015 ta ba su damar kafa ƙungiyoyin kare muradunsu, amma ba tare da ikon yajin aiki ba, kuma sojoji zalla ne ke iya zama mambobi. Ma'ana, mata da ƴaƴa ba su da kujera a ciki.

Idan kuma soja na ƙalubalantar wani mataki da aka ɗauka a kansa, kamar yanke masa albashi, ba ya zarcewa kotu. Sai ya fara shigar da koke a gaban hukumar sauraron ƙorafin sojoji da aka kafa a 2001, cikin wata biyu daga ranar da aka sanar da shi. Wannan wa'adi yana da muhimmanci, domin wanda ya bari ya wuce kan iya rasa damar zuwa kotu. Iyali na iya taimakawa da tara takardu, amma sa hannu na sojan ne.

Darasin Louvois

Abin da ya fito da gibin wannan tsari fili shi ne wata manhajar biyan albashi mai suna Louvois, wadda aka fara amfani da ita a 2011. Albashin soja ba adadi ɗaya ba ne. Yana sauyawa gwargwadon wurin da aka tura shi, da yawan ƴaƴansa, da irin aikin da ya yi a watan, kuma alawus-alawus ɗin suna da yawan gaske. Manhajar ta kasa riƙe lissafin. Wasu aka biya su ƙasa da haƙƙinsu, wasu ba su ga ko sisi ba, wasu kuma aka zuba musu fiye da ƙima, daga baya gwamnati ta ce su mayar, alhali kuɗin sun daɗe da shiga cefane da kuɗin haya. Dubban gidaje abin ya shafa, ciki har da na waɗanda ke Afghanistan, da kuma waɗanda aka tura Mali daga watan Janairun 2013.

Da tura ta kai bango, matan ne suka fito. A 2012 sun haɗu a Facebook, sun yi gangami a birnin Paris, wasu har suka riƙa wallafa hotunansu da saƙonnin koke a rubuce a gadon bayansu. Jaridu da gidajen talabijin suka ɗauka, ƴan majalisa suka shiga yi wa gwamnati tambayoyi. Ministan tsaro na lokacin, Jean-Yves Le Drian, ya kira lamarin bala'i, kuma a ƙarshen 2013 ya sanar da cewa za a yi watsi da manhajar. Maye gurbinta bai zo da sauri ba: sabuwar, Source Solde, sai a 2019 ta fara aiki a rundunar ruwa, aka kammala sauyin a 2021.

Ba za a ce matan su kaɗai suka kayar da Louvois ba, domin wakilan sojoji da masu binciken kuɗin gwamnati ma sun yi nasu. Amma babu musu cewa koken da ya yi watanni yana yawo a ofisoshi ya samu kunnen sauraro ne bayan ya fita daga bariki.

Shirin iyali

A watan Agustan 2017 ɗaruruwan matan sojoji suka sake fitowa a Paris, makonni kaɗan bayan babban hafsan hafsoshin ƙasar, Janar Pierre de Villiers, ya ajiye aiki saboda rage kasafin tsaro. A wannan karon kukansu ya haɗa da lalacewar gidaje da kuma yawan rashin mazajensu a gida, ganin cewa tun 2015 dubban sojoji ke sintiri a titunan Faransa, wasu kuma suna aikin Barkhane a Mali, Nijar da Chadi. A ƙarshen Oktoban shekarar, minista Florence Parly ta gabatar da shirin Plan Famille, na kimanin yuro miliyan 300 a cikin shekara biyar. Cikin alkawuransa akwai ƙara guraben renon yara, samar da intanet kyauta a barikoki, da sanar da yawancin sojoji sauyin wurin aiki wata biyar kafin lokaci, don iyali su nemi gida da makaranta. Zagaye na biyu, na 2024 zuwa 2030, an ware masa yuro miliyan 750.

Abin da ya rage a hannun iyali

Baya ga jami'an jin daɗin jama'a, iyali na da ƙungiyoyinsu na farar hula, kuma kamar kowane ɗan ƙasa suna iya rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarsu. Shi kuma yana da ikon aika wa minista tambaya a rubuce, wadda ake wallafawa tare da amsarta a jaridar gwamnati. Takardun biyan albashi, wasiƙun hukuma da hotunan gida masu kwanan wata su ne ke ba koke nauyi.

Fitowa fili na da nasa haɗarin. Mata da dama sun ɓoye fuska da suna a lokacin Louvois, don gudun kada abin ya shafi ƙarin girman mazajensu. Ma'aikatar tsaro kuma ta fitar da jagorar amfani da shafukan sada zumunta, wadda ke jan kunnen iyalai kada su bayyana inda soja yake, ko ranar tafiyarsa da ta dawowarsa.