Yadda Magidanta Suka Sami Hanyar Digirin Digirgir a Ingila

Digirin digirgir, wato digiri na uku wanda ba a samunsa sai da kundin bincike da ya ƙara wa ilimi wani abu sabo, ba don magidanci mai aiki da iyali aka tsara shi tun farko ba. Siffarsa ta yanzu ta kankama ne a jami'o'in Jamus a ƙarni na 19, musamman bayan kafa Jami'ar Berlin a 1810 bisa ra'ayin Wilhelm von Humboldt na haɗa koyarwa da bincike, kuma ɗalibin da aka yi tsarin dominsa matashi ne da zai tare a gaban malaminsa ba tare da wata hidima ba. Daga nan tsarin ya tsallaka Amurka, inda Jami'ar Yale ta fara bayar da shi a 1861, alhali Ingila ta yi jinkiri har zuwa 1917, lokacin da Oxford ta karɓe shi ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, da nufin jawo ɗaliban Amurka da a da suke tafiya Jamus.

Hanyar da magidanta suka bi kuwa an share ta ne tun kafin wannan, kuma ba manyan jami'o'i ne suka share ta ba. A 1823 likita George Birkbeck da abokansa suka buɗe wata cibiya a Landan domin masu sana'ar hannu su yi karatu da yamma bayan an tashi daga aiki, ta fara karɓar mata a 1830, sannan a 1920 ta shiga cikin Jami'ar Landan da sunan Kwalejin Birkbeck ba tare da ta bar karatun yamma ba. Ita ma Jami'ar Landan ta ɗauki matakin da ya fi wannan tasiri a 1858, da ta amince mutum ya zauna jarrabawarta ko bai taɓa shiga ajinta ba. Ta wannan kafa ce malamai irin su Alvan Ikoku suka sami digirin farko suna zaune a Nijeriya, kafin a buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. Abin da waɗannan cibiyoyi suka tabbatar, wanda ya cancanci a jinjina musu a kansa, shi ne cewa zama a harabar jami'a daban, ƙwazon karatu daban.

Da aka kafa Buɗaɗɗiyar Jami'a, wato jami'ar karatu daga gida, a 1969, a zamanin gwamnatin Harold Wilson kuma da jajircewar minista Jennie Lee, sai wannan ra'ayi ya zama manufar ƙasa. Daga baya aka ɓullo da digirin digirgir na ƙwararru, wanda malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya yake gina bincikensa a kan aikin da yake yi kullum, kuma a Ingila Jami'ar Bristol ce ta fara irinsa a fannin ilimi a 1992.

Sai dai buɗe ƙofa bai rage nauyin kaya ba. Binciken da matashi yake kammalawa cikin shekara 3 zuwa 4 yakan ɗauki mai haɗa shi da aiki shekara 6 ko fiye, kuma a tsawon wannan lokaci malamin da ke duba aikinsa yana iya yin ritaya, ko wani ya riga shi wallafa abin da yake bi, ga renon yara da jinyar iyaye, ga kuɗin makaranta da galibi daga aljihunsa yake fita, domin tallafin bincike ya fi karkata ga matasan da suka tare a jami'a. Sai a 2018 gwamnati ta fara bai wa ɗaliban wannan mataki a Ingila rancen da ya kai fam 25,000, har da masu haɗa karatu da aiki, amma ta hana shi ga duk wanda ya cika shekara 60 kafin ya fara, alhali a wannan shekarun ne mutane da dama suke fara samun sukunin zama su yi bincike.