Iskar Haidurojin da Hiliyam ta Ƙarƙashin Ƙasa

Haidurojin da hiliyam iskoki ne marasa nauyi da ke samuwa a cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa ba tare da sa hannun ɗan Adam ba.

Haidurojin na fitowa ne idan ruwa ya ratsa duwatsu masu ɗauke da ƙarfe a wuri mai tsananin zafi: ƙarfen ya janye iskar oksijin daga ruwan, haidurojin ya kuɓuce. Tururin da yuraniyam ke fitarwa ma yakan tsaga ruwa haka. Hiliyam kuwa daga ruɓewar yuraniyam da toriyam yake samuwa, sannu a hankali cikin miliyoyin shekaru. Irin waɗannan ma'adinai na cikin tsofaffin duwatsun giranayit, dangin waɗanda Maitama da sauran unguwannin Abuja ke zaune a kai.

A shekarar 1987, masu haƙar rijiyar burtsatse a ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali suka ci karo da iskar da ta kama da wuta. Bincike ya nuna kusan kashi 98 cikin ɗari haidurojin ce, kuma daga 2012 aka fara samar wa ƙauyen lantarki da ita. A 2016 aka sanar da gano hiliyam mai yawa a yankin Rukwa na Tanzaniya.