Masu Kiwon Furanni na Edo da Magadansu na Cikin Wasa

A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gidajensu, kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da wasan Animal Crossing: New Horizons. Mai wasa yana zaune a wani tsibiri, yana kamun kifi, yana gina gida, yana shuka furanni, abokansa kuma suna kawo masa ziyara ta intanet. Ba a daɗe ba masu wasa suka gano cewa launin furannin ba a kan sa'a kawai yake ba. Kowane fure yana ɗauke da ƙwayoyin gado a ɓoye, uku ga yawancinsu, huɗu ga furen wardi, kuma jan wardin da aka sayo irinsa a kanti da jan wardin da aka samu ta hanyar haɗa iri kamarsu ɗaya a ido, amma abin da za su haifa daban ne. Samun shuɗin wardi, wanda ya fi kowanne wuya, yakan ci makonni ana ware tsirrai, ana ba su ruwa, ana rubuta asalin kowanne. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin sabon abu da kwamfuta ta kawo. A ganina tsohuwar al'ada ce, domin kusan shekara 200 kafin wasan, talakawan birnin Edo, wato Tokiyo ta yau, sun yi wannan aiki da tukwane da ƙasa, kuma abin da suka sani ya cancanci a kira shi ilimi.

Furen da suka ƙware a kai shi ne asagao, tsiro mai yaɗo, ɗan uwan dankalin Hausa, wanda furensa ke buɗewa da asuba ya yanƙwane kafin rana ta take. Daga Sin aka kawo shi Japan fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma da farko don magani aka kawo shi, saboda 'ya'yansa suna sa gudawa. Bayan babbar gobarar da ta cinye wani yanki na Edo a 1806, an samu filaye a unguwar Okacimaci, inda ƙananan mayaƙan samurai ke zaune, mutanen da albashinsu ba ya kai su ƙarshen shekara. A waɗannan filaye aka shiga shuka asagao, kuma a cikin dubban tsirrai sai a ga ɗaya ya fito da wata siffa dabam: ganye siriri kamar zare, ko fure da ya yayyage ya zama tuntu, ko kara mai faɗi. Maimakon a tuge waɗannan a yar, sai aka riƙa tattalinsu. Aka kafa gasa, aka riƙa jera sunayen furanni bisa daraja kamar yadda ake jera 'yan kokawar sumo, aka buga littattafai masu zane. Yayin ya lafa, sannan ya sake tashi a shekarun 1850, inda wani mai lambu na unguwar Iriya, Naritaya Tomejiro, ya yi fice wajen shirya gasa da buga littattafan zanen furannin.

Abin da ya sa wannan tarihi ya wuce labarin ado shi ne wata matsala da masu kiwon suka fuskanta. Furannin da suka fi daraja ba sa yin iri. Siffar tasu ta sauya har sassan da ke haihuwa sun koma ganyen fure, asagao kuma a ƙasar Japan shekara guda yake yi ya mutu. To, yaya za a sake samun furen baɗi, alhali na bana bai bar ɗa ba? Amsar da suka samo ita ce su koma ga 'yan uwansa. Sun lura cewa a cikin tsirran da suka fito daga uwa ɗaya, waɗanda suke kama da asagao na yau da kullum suna iya ɗauke da siffar a ɓoye. Sai mai lambu ya tara irin kowace uwa a ƙunshinsa daban, ya shuka kaɗan daga kowane ƙunshi don gwaji, ya sunkuya a kan ganye biyun farko da suka ɓullo daga ƙasa, domin daga lanƙwasarsu da kaurinsu gwani yakan gane wanda zai zama abin nema tun bai kai tsawon yatsa ba. Ƙunshin da bai ba da komai ba a watsar da shi, wanda ya bayar a adana. Idan siffar ta dogara ga ƙwayar gado ɗaya, kusan ɗaya cikin huɗu ne zai fito da ita. Idan biyu ce, ɗaya cikin 16. Idan uku, ɗaya cikin 64. Wannan shi ne lissafin da Gregor Mendel ya gabatar a Brno a 1865 bayan gwajinsa da wake, wanda duniya ba ta kula da shi ba sai a 1900. Mutanen Edo suna aiki da shi da hannuwansu tun kafin Mendel ya fara shuka.

Za a ce, ai wannan ba kimiyya ba ce, tunda ba su fitar da doka ba, ba su kuma bayyana dalili ba. Akwai gaskiya a nan, kuma bai kamata a rage wa Mendel darajarsa ba, shi da ya ƙirga, ya kwatanta, ya faɗi abin da zai yi aiki a kan kowace halitta. Amma mutumin da zai iya cewa wannan tsiro da kake gani lafiyayye yana ɓoye da wani abu da zai bayyana a 'ya'yansa, ya kuma tabbatar da maganarsa shekara bayan shekara, ba za a ce bai san komai ba. Manomin da ke zaɓar zangarniyar gero mafi kyau ya rataye don shukar baɗi ya san wannan irin sani. Kuma kimiyyar ita kanta ta ci moriyarsu. A farkon ƙarni na 20 masana irin su Yoshitaka Imai sun ɗauki waɗannan tsirrai suka yi nazarin gado da su, a yau kuma Jami'ar Kiyushu tana adana fiye da iri 1,000. Bincike ya nuna cewa yawancin sauye-sauyen sun samo asali ne daga wasu gutsattsarin gado masu tsalle daga wuri zuwa wuri, irin waɗanda Barbara McClintock ta gano a masara, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 1983. Da masu lambu sun yar da tsirransu, da masana ba su tarar da abin nazari ba.

Wani zai ce kuma alaƙanta wasan Nintendo da masu lambun Edo ƙari ne. Ban ce masu tsara wasan sun kwaikwayi Iriya ba, kuma akwai bambanci babba: a wasan babu wani sabon sauyi da zai ɓullo, duk launukan an rubuta su tun farko, har wasu suka kutsa cikin rubutun wasan suka fito da jadawalinsu. Mai lambun Edo ba shi da jadawali, kuma idan ya yi sake iri yana iya ɓacewa har abada, kamar yadda asagao mai launin rawaya, da ake gani a zanen wancan zamani, ya ɓace. Duk da haka aikin zuciya ɗaya ne: kada ka yarda da abin da ido ya gani, ka riƙe asali, ka yi haƙuri, ka nemi taimakon wasu. A wasan, furen da baƙi suka shayar ya fi saurin haihuwa, don haka mutane suka riƙa zagaya tsibiran juna da butar ban ruwa, kamar yadda ƙungiyoyin masu asagao suka riƙa musayar iri.

Masu lambun Iriya sun watse a farkon ƙarni na 20 da birni ya cinye filayensu, yaƙin duniya na biyu kuma ya hallaka iri masu yawa. Kasuwar asagao ta Iriya ta dawo a 1948, kuma har yanzu ana cin ta daga 6 zuwa 8 ga Yuli a kewayen wurin ibada na Kishimojin, sai dai yawancin abin da ake sayarwa manyan furanni ne masu yin iri. Waɗancan masu wuyar sha'ani suna hannun jami'a da 'yan tsirarun masu sha'awa, waɗanda dole su sake shuka su kowace bazara.